Aljanun Turawa a hannun ƴan makaranta

Shekaru ashirin da ƴan kai ke nan da wani irin littafi ya mamaye kasuwar karatun samari da ƴan mata a Amurka da Ingila, watau ƙagaggun labaru na ɗan adam da ya faɗa hannun wasu halittu waɗanda Faransawa ke kira fe. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Holly Black, tana cikin waɗanda suka share wannan hanya da littafinta Tithe cikin shekara ta 2002. Melissa Marr ta biyo da Wicked Lovely a 2007, Julie Kagawa da The Iron King a 2010, kana Holly Black ta komo a 2018 da The Cruel Prince, wanda aka juya cikin Faransanci da sunan Le Prince cruel, ma'ana Mugun Yarima. Tun da an juya su cikin Faransanci, babu abin da zai hana su isa hannun ɗan lise na Yamai ko na Damagaram, bisa takarda ko cikin salula. Ma'aifin da ya tarar da ɗiyarsa da littafi mai maganar tsafi da baƙin sihiri yana da gaskiya in ya tsaya ya yi tambaya. Amsar da ta dace da shi ita ce a bar yara su karanta, amma a sa ido, kuma wurin sa idon ya sha bamban da wanda akasari ake zato.

Da farko tilas a san ko su wane ne waɗannan fe. Wanda ya san su cikin majigin yara kaɗai zai zaci ƴan ƙananan mata ne masu fukafukai da sandar alheri. Manoman ƙasar Ayalan da na Sikotlan, waɗanda daga bakinsu labarun suka fito, tsoronsu suke yi ƙwarai, har ba su son kama sunansu, sai su ce mutanen kirki, kamar yadda Bahaushe ke kauce wa sunan aljani ya ce mutanen ɓoye. Wani limamin coci na Sikotlan, Robert Kirk, ya tattara abin da jama'arsa ke faɗi game da su cikin shekara ta 1691. An ce suna zaune ƙarƙashin tuddai, suna da sarakuna da fadawa, suna ƙyamar baƙin ƙarfe. Wanda ya ci abincinsu ba ya komowa gida, wanda ya kwana ɗaya wurinsu yakan tarar shekaru sun shuɗe. Sukan sace jinjiri su bar nasu maras lafiya cikin shimfiɗarsa. Akwai kuma tsohuwar waƙar Sikotlan ta Tam Lin, saurayin da sarauniyarsu ta kama, ga kuma lokacin biyan jangalin da sukan bai wa Jahannama duk shekara bakwai ya gabato. Budurwarsa ce ta tare hanya da dare, ta fizgo shi daga bisa doki, ta riƙe shi tamau ana rikiɗa shi daga wannan dabba zuwa waccan, har ta karɓe shi. Daga wannan jangali ne Holly Black ta samo sunan littafinta na 2002.

Abin da marubutan zamani suka fi riƙewa cikin wannan gado shi ne wata doka guda, cewa fe ba su iya yin ƙarya. Mai karatu zai ce ashe mutanen gaskiya ne. Ina! Sabili da ba su iya ƙarya, sai suka gwanance da faɗin gaskiyar da ke ɓad da mutum, da alkawari mai ƙofar baya, da kyautar da ke zama bashi. Cikin Le Prince cruel, yarinya mai suna Jude tana da shekara bakwai aka kashe ma'aifanta gabanta, wanda ya kashe su kuma, wani barden fe, ya ɗauke ta da ƴan uwanta ya raine su gidansa. Ta girma cikin masu raina ta domin ita mai mutuwa ce, tana barbaɗa gishiri ga abincinta don karya sammu, tana shan dafi kaɗan-kaɗan don jikinta ya saba. Ba ta da tsafi ko ɗaya. Makaminta shi ne lura da kalmomin manya, ta auna abin da aka faɗa da abin da aka bari ba a faɗa ba. Saurayin da gobe zai sa hannu ga takardar bashi, ko wani dillali ya yi masa alkawarin aiki a hayin teku, ba zai yi asara ba in ya koyi wannan irin saurare tun yana ɗan shekara goma sha shida.

To, ina batun sihiri? Wannan ƙorafi ba sabo ba ne. A Amurka ma, wajejen shekara ta 2000, littattafan Harry Potter ne suka fi shan ƙarar iyaye masu neman a fid da su daga ɗakunan karatu na makarantu, bisa zargin koya maita. Ga Musulmi kuwa lamarin ya fi haka nauyi, domin aljanu suna da sura sukutum cikin Alƙur'ani, sihiri kuma haramun ne, kamar yadda ƙissar Haruta da Maruta ta nuna cikin Suratul Baƙara. Malamin da ya yi tsaiko a nan bai cancanci a yi masa dariya ba. Sai dai duk wanda ya buɗe littattafan zai ga babu hatimi, babu surkulle, babu abin da yaro zai kwaikwaya bayan gida, kuma akasari mai neman ƙarfi ta hanyar baƙin sihiri yakan biya da abin da ya fi so. Rubutun Hausa ma bai taɓa gudun wannan fage ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da aljanu, an kuma karanta su cikin makarantu shekara da shekaru ba a ji sun mai da kowa boka ba. A nan Nijar, daga tatsuniyar da Boubou Hama ya rubuta ne Moustapha Alassane ya shirya siliman Toula, labarin budurwar da aka bai wa aljanin ruwa lokacin fari.

Inda imani da fe ya taɓa zub da jini, babu ƙagaggen littafi a wurin. Cikin watan Maris na shekara ta 1895, a wani ƙauye na yankin Tipperary a Ayalan, wata matashiya mai ɗinki, Bridget Cleary, ta kwanta ciwo. Mijinta Michael ya ƙudurta cewa matarsa ta gaskiya fe sun sace ta, wadda ke kwance musanya ce. Aka yi mata ɗuren saiwoyi da ƙarfi gaban dangi, daga baya ya watsa mata kananzir, ta ƙone. Ya binne ta a ɓoye, ya riƙa zuwa wani tudu yana jiran ta fito bisa farin doki. Kotu ta yanke masa shekara ashirin. Wannan mutum bai san inda tatsuniya ta ƙare ba, domin a gare shi ba tatsuniya ba ce. Yaron da ya saba da ƙagaggen labari, ya san sunan marubucin da shekarar bugu, ya fi kusa da sanin wannan iyaka. Kuma duk wanda ya taɓa jin an jefi wata tsohuwa da maita cikin unguwa don yaro ya yi zazzaɓi ya san Tipperary ba ta da nisa sosai.

Aibin waɗannan littattafai na gaskiya yana wani gefe, wajen soyayya. Yariman da ya wulakanta Jude, ya sa ido abokansa na cin zarafinta, shi ne ta aura cikin littafi na biyu, The Wicked King na 2019. Holly Black gwana ce, ta sa yarinyar ta riga ta ɗaure shi da rantsuwar biyayya ta shekara guda da kwana ɗaya, watau ita ke riƙe da linzami. Amma masu kwaikwayonta da yawa sun ɗauki kyakkyawan mugu sun bar linzamin, har ya zama darasin da budurwa ke tsinta shi ne namijin da ke muzanta ta yana ɓoye son ta ne, in ta jure zai canza. Matan da aka yi wa wannan huɗuba da sunan haƙuri sun san inda takan ƙare. Nan ne ya kamata uwa, ko mushen da ke koyar da Faransanci, su zauna da yarinya su tambaye ta me yariman nan ya aikata da ya cancanci a yafe masa.

Akwai kuma batun shekaru, wanda bangon littafi ba ya faɗi. Jerin Sarah J. Maas da ya fara da A Court of Thorns and Roses a 2015, shi ma daga waƙar Tam Lin ya ari sunan jaruminsa, kuma cikin littattafan matasa aka fara sayar da shi. Da jerin ya ci gaba, maganar shimfiɗa ta fito fili ƙwarai, har masu bugunsa suka mai da shi sashen manya. Fassararsa ta Faransanci, Un palais d'épines et de roses, daga sashen littattafan matasa ta fito, don haka mai tsaron ɗakin karatu na lise da ya dogara ga sunan gidan bugu kaɗai zai jera shi kusa da Les Chroniques de Spiderwick, waɗanda Holly Black da Tony DiTerlizzi suka rubuta wa yara ƴan shekara tara ko goma.