Ƙurar da iska ke haifa da kanta, da abin da ya shafe mu a Kudu

Duk wanda ya zauna a Fatakwal tun ƙarshen 2016 ya san baƙin tokar da ke sauka kan mota da farar riga. Wannan ido na ganinta, shi ya sa aka yi ta surutu a kanta. Ni kuwa wadda ta fi damuna ita ce wadda ba ta fitowa daga salansa a matsayin hayaƙi. A cikin iska ake haifarta.

Tun 2009 masana ke gudanar da wani gwaji mai suna CLOUD a cibiyar bincike ta CERN da ke Jeniba, ƙasar Siwizalan, ƙarƙashin jagorancin Jasper Kirkby. Sun ƙera wani ƙaton tankin ƙarfe mai tsananin tsabta, suna zuba masa tururin sinadarai kaɗan-kaɗan don su ga yadda tururi ke dunƙulewa ya zama ƙwayar ƙura.

Ga yadda abin yake. Idan aka ƙona man da ke da salfa, wato farar wuta, iskar da ta fita tana haɗuwa da hasken rana ta rikiɗe ta koma asid, irin wanda ke cikin ruwan batir. Shi kaɗai wannan tururin ba ya saurin dunƙulewa. A 2011 suka nuna cewa amoniya, sinadarin nan mai zarnin fitsari, tana hanzarta abin ƙwarai. A 2013 suka gano danginta da ake kira amin sun ma fi ta ƙarfi. Ƙwayar kan fara da faɗin nanomita 1 zuwa 2, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubbai goma-goma. Daga nan sai ta yi ta girma. A 2018 wani bincike ya ga wannan haɗin yana faruwa a sararin birnin Shangai na ƙasar Sin, ba a tanki ba.

Ba duka ne sharri ba. An kiyasta kusan rabin ƙwayoyin da gajimare ke taruwa a kansu ta haka suke samuwa. Amma a cikin gari, huhunmu ne ke karɓarsu, kuma tsabar ƙanƙanta na sa su shige can ciki.

To mu dubi Legas. Salfa na nan a man tireloli da janareto. Amoniya na tashi daga kwata, bola da kashin dabbobi. Rana kuwa ba a magana. Su wa ke wuni a tsakiyar wannan? 'Yan dakonmu na Mile 12, direbobin da ke kwana a layin Apapa, mai shayi da mai faci a bakin titi. Bankin Duniya ya kiyasta cewa gurɓatar iska ta yi ajalin mutum kusan 11,200 a Legas a 2018, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Shi ya sa a ganina rigimar ingancin man fetur da dizal ba ta manyan 'yan kasuwa ba ce kaɗai. A Turai iyakar salfa a dizal kashi 10 ne cikin miliyan. Najeriya ta daɗe tana barin har 3,000, kafin ECOWAS ta amince da 50 a 2020. Dokar na kan takarda, abin tambaya shi ne wa ke auna man da ake sayar mana.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni na zama da hukumomi kan haraji da rumfuna. Ya kamata su sa kwashe shara, yashe kwata da binciken mai a cikin buƙatunsu. Mu kuma a gida, a fitar da janareto nesa da tagar da yara ke kwana, a daina cinna wa bola wuta. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.