Ƙarin Mahaifa: Kada Kunya Ta Hana Magana

A Wudil, idan mace ta daɗe tana tari, tarin fuka ake fara zato. Amma tun 1939 likita Steiner ya bayyana wani abin al'ajabi: ƙarin mahaifa, wanda ba ciwon daji ba ne, yakan bi jini ya sauka a huhu, wani lokaci shekaru bayan tiyata. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma yakan lafa idan aka rage sinadarin istirojin a jiki. To, yaya likita zai gano shi in mara lafiya ta ɓoye tiyatar da aka yi mata? A ganina, kunya a gaban likita cutar kai ce. Malamai, ku koyar da adana katin asibiti. Ɗalibai, ku isar da saƙon ga iyayenku mata.