Kaifin ji: wanne ne hali, wanne ne ciwo?

Akwai mutanen da tun suna yara ƙarar janareta ke shiga musu har cikin ƙwaƙwalwa, hasken fitila mai ƙarfi ya sa musu ciwon kai, turaren da kowa ke yabawa ya tayar musu da zuciya. Elaine Aron, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta yi rubutu a kan wannan a shekarun 1990, kuma ta ɗauke shi a matsayin ɗabi'a, ba cuta ba. Al'amarin yana rikicewa ne idan mai wannan ɗabi'a yana kuma fama da baifola, lalurar da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi na kwanaki ko makonni, sannan ta jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi.

Ita kanta lalurar tana ƙara kaifin ji. Masu ita da dama sun bayyana cewa idan zumuɗi ya kunno kai, launuka kan ƙara haske, sauti ya ƙara ƙarfi, barci ya ragu ba tare da an ji gajiya ba. Ke nan abu guda zai iya zama halin da aka haifi mutum da shi, zai kuma iya zama gargaɗi. A ganina, likitan da bai tantance wanne ne ba bai gama aikinsa ba. Tambayar ba ta da wuya: wannan kaifin tare kuka tashi, ko kuwa zuwa yake yana tafiya, tare da ƙarancin barci?

Magungunan daidaita yanayin rai, irin su litiyom, wanda likita John Cade na Ostireliya ya ba da rahoton amfaninsa a 1949, da valproate da lamotrigine, aikinsu hana hawa da faɗuwa ne. Ba su sauya halittar mutum. Wanda ciwonsa ya lafa amma hayaniyar kasuwa ba ta daina damunsa ba, wannan kaɗai ba hujja ba ce ta ƙara masa magani. Ɗaki mai shiru da tsayayyen lokacin barci sun fi kusa da buƙatarsa.

Ɗaya ɓangaren ya fi haɗari. Wasu na kukan cewa magani ya dusashe musu duniya, waƙa ta daina ratsa su, karatu ya yi nauyi. Sau da yawa dangi kan ce raki ne. Kay Redfield Jamison, farfesa a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ita ma take da lalurar, ta bayyana a littafinta na 1995 yadda ta daɗe tana kokawa da litiyom, tana sha tana dainawa, da yadda rage mata adadinsa bisa kulawar likita ya dawo mata da karatu. Idan mai ilminta ta shiga wannan hali, ina ga wanda aka rufe wa baki da cewa ya yi haƙuri? Shi zai ajiye maganin ne a ɓoye, alhali daina litiyom farat ɗaya yana ƙara yiwuwar dawowar ciwon da haɗarin kashe kai.

Sauraron kukan mai kaifin ji yana da wani amfanin kuma. Tazarar da ke tsakanin adadin litiyom mai warkarwa da mai cutarwa ƙanƙanuwa ce. Yawanci ana neman ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.0 a ma'aunin jini. Zafin bazara, da ƙarancin ruwa a jiki, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, duk suna iya ɗaga shi. Saboda haka idan mai shan litiyom ya ce rawar hannunsa ta ƙaru, ko tafiyarsa ta soma tangaɗi, ko amai da gudawa sun kama shi, a kai shi a gwada jininsa a ranar.