RA'AYINMU: Alawus Ɗin Koyon Aiki Ba Albashi Ba Ne

Tun shekarar 1973 ne Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, ya ƙirƙiro shirin nan na SIWES, wanda ake tura ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha masana'antu domin hannu ya san abin da kai ya karanta. A nan Kano, majemun Challawa da masana'antun Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna karɓar irin waɗannan ɗalibai. Babu mai musun amfanin shirin.

To, amma akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba, watau magidanta da matan aure da suka koma karatu da girmansu. Irin wannan ɗalibi da safe yana aji, da yamma yana kan keken ɗinki ko bakin tireda don neman cefane. Ran da aka tura shi masana'anta wuni zubur, sana'a ta tsaya ke nan, ga kuɗin mota ya ƙaru. 'Yan'uwa masu agaza masa kuma sai su janye hannu, wai ai ya sami aiki.

Shin me ya samu? Alawus ɗin SIWES ya shafe shekaru a kan Naira 2,500 a wata, kuma galibi sai an kammala yake fitowa, alhali mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a wannan shekarar da kuɗin guzuri Naira 20,000 a wata, bashi ne, kuma na mai rajista a makaranta ne. Saboda haka wanda ya gama ƙaramar difloma ya fita shekarar koyon aiki kafin babba ya zama jemage: makaranta ba ta lissafa shi cikin ɗalibai, kamfani bai sa shi cikin ma'aikata ba.

A ganinmu, kamata ya yi Gwamnatin Tarayya ta ƙara alawus ɗin nan, a kuma riƙa biya wata-wata tun ɗalibi yana bakin aiki. Hukumomin ba da tallafin karatu su bayyana a rubuce cewa ɗan abin da kamfani ya ba mai koyon aiki ba zai zama dalilin rage masa tallafi ba, su kuma lissafa shekarar koyon aiki cikin shekarun karatu. Masu masana'antu kuwa, ko ba komai su ɗauki nauyin mota da abincin rana, tun da suna cin moriyar guminsa.

Jihar da ta kafa Hukumar Ilimin Manya tun 1980 bai dace ta zuba ido magidanci yana zaɓa tsakanin takardar shaida da tuwon iyalinsa ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.