Lakuros a Jami'o'in Amurka, Langa a Fadamun Kura

A shekarar 2028, idan Allah ya kai rai, wasan lakuros zai koma gasar Olamfik a birnin Los Angeles, bayan rabonsa da shiga a matsayin wasan neman lambar yabo tun 1908. Wasa ne da ake yi da sanda mai raga a baki, ana cafe ƙwallo da ita ana jefawa. Asalinsa na 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, kafin wani likitan haƙori na Montreal mai suna George Beers ya tsara masa dokoki a 1867. Makarantu ne suka raine shi: 'yan mata sun fara buga shi a makarantar St Leonards ta Sikotland a 1890, jami'o'in Amurka kuma suka kafa gasar ƙasa ta maza a 1971, ta mata a 1982. Dokar nan ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, ita ta tilasta wa jami'o'i ware wa ƙungiyoyin mata kasonsu.

Ba wanda zai ce a kwaso sanduna da kwalkwali daga ƙetare a kai Kura ko Bunkure. Kayan suna da tsada, kuma ba a rasa wasa a ƙasar Hausa ba. Abin lura shi ne yadda wasan ƙauye ya rayu saboda jami'a ta ba shi fili da alƙali da jadawali. Langa, wadda yaro kan kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗaya, abokansa na kare “ruwa” har ya kai gida, ba ta buƙatar komai sai ƙasa mai laushi. Ta ma riga ta shiga Bikin Wasanni na Ƙasa tare da dambe da kokawa. Sai dai a gida take neman mutuwa.

Dalilin ya fi fitowa fili a yankin noman rani na Kogin Kano. A da, wasannin dandali na kaka ne da rani, lokacin da aka kai amfanin gona rumbu, samari suka sami sararin dare da farin wata. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, wannan hutu ya ƙare. Ana gama girbin shinkafar damina sai alkama da tumatir da albasa, yaro yana ban ruwa da asuba, yana cikon kwando da yamma. Arziki ne babu shakka, kuma ba mai fatan a koma zaman kashe wando, amma dandali ya biya kuɗinsa. 'Yan mata kuwa nasu ya fi tsanani: wadda ta tashi da gaɗa da carafke, da zarar ta tasa sai ta koma gindin tukunyar turara shinkafa ko ta ɗauki talla, motsa jiki don nishaɗi ya zama tarihi a wurinta.

Jami'o'i ba baƙi ba ne a wannan yanki. Cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tashar binciken noman rani a Kadawa, Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil da Jami'ar Bayero kuma suna ɗibar ɗalibai daga waɗannan garuruwa. Ya kamata sassan ilimin motsa jiki su kafa ƙungiyoyin langa guda biyu, ta maza da ta mata, kowace da mai horarwa da lokacin fili da kaso a kasafi, a rubuce, domin abin da ba a rubuta ba ƙwallon ƙafa ta maza ke cinye shi.

Masu ɗari-ɗari da shigar mata suna da hujjar da ta cancanci a saurara, kuma lakuros ya amsa ta tun tuni. Na mata ba kwafin na maza ba ne: a jami'o'in Amurka maza goma ke shiga fili da kwalkwali, ana bangaza, mata kuwa goma sha biyu ne, an hana musu bangaza da jiki. Haka langar mata za ta iya samun dokokinta, da sutura mai rufe jiki, da alƙalai mata, da fili keɓantacce.

Akwai wani abu a tarihin lakuros da bai kamata a kwaikwaya ba. A 1880 ƙungiyar wasan a Kanada ta hana 'yan asalin ƙasar, masu wasan na ainihi, shiga gasarta. Idan jami'a ta rubuta wa langa doka, dole ta zauna da tsofaffin 'yan wasa na Kura da Bunkure da Garun Malam, ta kuma sa wasu daga cikin karawar a filayen makarantun garuruwan, a ranakun da ba na ban ruwa ba.