Ƙofar Majalisar Jiha Ya Kamata Mu Ƙwanƙwasa

Duk wanda ya zaga unguwar Irving Park a nan Greensboro zai ga titunan da John Nolen ya tsara fiye da shekara 100 da suka wuce, suna nan daram da inuwarsu. Tsari ba ya daɗewa haka sai doka na tsaye a bayansa. Shi ya sa masu tsara birane a Amurka kan ware rana su yi wa majalisa tsinke a Washinton, kowa ya zauna da wakilin mazaɓarsa.

A Najeriya muna da ƙungiyar masu tsara birane tun 1966, da dokar tarayya ta 1992. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wannan hurumin jihohi ne. Ke nan makomar badalar Kano da kududdufanta, waɗanda ake cikewa a yanka filaye, ruwan damina kuma ya koma cikin gidajen talakawa, tana hannun 'yan majalisar jiha.

Takardar bayan taro ba ta isar musu. Wanda ya san wannan fanni a cikinmu, in ya je gida hutun bana, ya ɗauki taswirar unguwarsu ya tarar da wakilinsa tun kafin a zauna kan kasafin kuɗi.