A Sa Wa Ƙarar Mubi Ma'auni

'Yan Arewa mazauna Ikko sun san yadda Gwamnatin Jihar Legas ke rufe wuraren ibada da otal-otal saboda yawan ƙara. A 2016 ta rufe coci 70 da masallatai 20. A gida Mubi kuwa, janareta da injin niƙa da lasifikar masu tallar magani suna hana jama'a sakat, ba mai ce musu uffan.

Doka dai akwai ta. Tun 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙayyade ƙara, ta danƙa aikin ga hukumar NESREA. Abin da babu shi ne shaida. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in an jima ana sha kullum, tana kurmantarwa. To, wa ya auna?

Yanzu akwai ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana, waɗanda ke auna ƙara dare da rana ko da babu wutar lantarki. Na'ura ba ta san sani ko sabo ba. A gari irin Mubi, inda Musulmi da Kirista ke maƙwabtaka, ita ce za ta raba gardama ba tare da zargin son kai ba.

Ya kamata Ƙananan Hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu su haɗa kai da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke garin, a kafa na'urorin nan a kasuwa da tashoshin mota da kusa da asibiti. Ƙungiyoyin 'yan Mubi da ke Kudu kuma su taimaka da kuɗi. Rigakafi ya fi magani.